Aikin injin casa ya hana ni barci, a ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana. Shekara uku ke nan ina aiki a wani injin casar shinkafa a wajen Kura. Mai injin aminin mahaifina ne tun suna makarantar allo. Da Baba ya rasu shi ya biya mini kuɗin jarrabawa, ya ce in zo in riƙe masa littafi, a aurena bara ma shi ne wakili. Da farko littafin ne kawai. Yanzu ni ne kan sikeli, ni ne sallamar 'yan dako, ni ne sayo man janareta. Tun shigowar kaka, daga asuba sai sha ɗaya na dare, ran Juma'a ana idar da salla nake komawa. Buhu ya ɓata, a gaban leburori zai wanke ni tas. Ina kwance ina jin ƙugin injin a kunnena, waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. Shekaranjiya sau huɗu na ƙirga buhuna, kowanne lissafi daban. Na daka wa iyalina tsawa a kan ruwan wanka har ta yi kuka. Ina da wani haƙƙi a kansa, ko haƙuri ne kawai?

Baban Hanifa: Ƙanena, kana da shi, a rubuce ma. Dokar ƙwadago ta ba ma'aikaci hutun yini guda cikin kowane kwana bakwai, da hutun aƙalla kwana 6 da albashinsa bayan cika shekara, da kwana 12 na rashin lafiya idan likita ya ba da takarda. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar inshorar ma'aikata ta NSITF ke kula da ita, har matsalar ƙwaƙwalwa da aiki ya jawo ta ambata. Rubuta masa takarda, ka ajiye kwafi.

Malamin Islamiyya: Takarda ga uba? A'a. Ka samu limaminku ko wani dattijo da yake jin nauyinsa. A tuna masa hadisin da ya hana ɗora wa na ƙasa da kai abin da ya fi ƙarfinsa, in kuwa ka ɗora to ka taya shi. Ka riƙe azkar ɗin kwanciya.

Maman Walid: Ɗan'uwa, gara kai ka san wanda za ka kai wa kuka. Ni kaɗai ce a ɗakin haihuwa a wani ƙauye nan Jigawa, da fitilar waya nake karɓar haihuwa, wata bakwai ina roƙon a turo mini mataimakiya. Na ce na gaji, aka ce ai lada nake samu. Ka je a auna jininka dai. Kada ka sayi maganin barci a kemis. In abin ya ci gaba, akwai likitocin wannan a asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau.

Mai tambaya: Anti, Dawanau kuma? Ai hankalina ƙalau. Kuma don Allah a fahimce ni, Alhaji ba mugu ba ne, shi ma bashi ne a kansa, ga tsadar mai. Da Sallah har shadda ya yi mini.

Baban Hanifa: Shadda ba hutu ba ce. Da irin wannan kunyar aka cinye mini haƙƙin shekara tara a wani kamfani, na fito da hawan jini. Nawa yake biyan ka? Ku nawa ne a wurin? Tun 2024 mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne, amma dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Faɗa mini.

Ɗan Ringim: Ka ajiye masa littafinsa ka koma noman rani kawai.

Malamin Islamiyya: Ya bar aiki da sabon aure a wannan marrar? A ji tsoron Allah wajen ba da shawara.

Maman Walid: Zuwa wurin likita ba hauka ba ne. Rashin barci da faɗuwar gaba ciwo ne kamar kowane, ana maganinsa.

Mai tambaya: Na gode duka. Liman surukin Alhaji ne, maganar za ta koma masa a karkace. Inna ma in ta ji na yi ƙorafi cewa za ta yi na yi butulci. Zan lallaɓa zuwa ƙarshen kaka in gani.

Baban Hanifa: Har yanzu ba ka faɗi albashin ba.

Mai tambaya: Yaya, mota ta iso da shanshera, ana kira na kan sikeli.