Wane ne dattijon nan na fim ɗin London River?

Ɗan Maraɗi:
Assalamu alaikum jama'a. Daren jiya na kalli London River, fim a kan harin bama-baman Landan na 2005. Akwai wani dattijo dogo siriri, mai tufkakken gashi, yana dogara sanda, ya zo neman ɗansa. Ba ya yawan magana, amma wallahi duk inda ya tsaya can idona yake, har na manta da Baturiyar da ke neman tata 'yar. Ɗan ina ne?

Tsohon Malami:
Wa alaikumus salam. Sotigui Kouyaté ke nan, Allah ya jiƙansa. A Bamako aka haife shi a 1936, ya tashi a Burkina Faso tun ana ce mata Haute-Volta. Da fari ma ɗan ƙwallo ne, har ya riƙe kyaftin ɗin ƙasar. Fim ɗin da ka gani shi ya ba shi kyautar gwarzon ɗan wasa a bikin fina-finan Berlin na 2009, ya rasu a Paris cikin Afrilun 2010.

Ka dai riske shi ne da yamma, ɗana. Ƙarfin aikinsa a kan dandamali yake, wajen Peter Brook, Baturen Ingila da ya jagoranci gidan wasa na Bouffes du Nord a Paris. A 1985 suka kai Mahabharata, tsohon labarin Indiya, bikin wasan kwaikwayo na Avignon a Faransa, wasan awa tara, shi ne Bhishma. A 1990 kuma ya fito a matsayin Prospero a wasan The Tempest na Shakespeare, da Faransanci.

Maman Hanifa:
Tsaya Baba, Bhishma dai na Indiya, kakan nan da ya kwanta a kan kibau? Ikon Allah! Mu da muka tashi da kallon Indiya ba mu taɓa jin wannan ba. To Indiyawa sun ƙare ne?

Tsohon Malami:
Ba su ƙare ba, 'yata. Da gangan Brook ya tattaro 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban. Ni a ganina bai yi kuskure ba, don Kouyaté gidan jeli ne, masu riƙe tarihin sarakunan Keita tun zamanin Sundiata, wanda ya kafa daular Mali. Wanda ya gaji zama gaban sarakuna yana faɗa musu asalinsu, ai ba a koya masa yadda kaka ke yi wa jikoki magana.

Bakatsine:
Wato maroƙi ne, a taƙaice.

Tsohon Malami:
Kusa dai, amma kalmar ta yi masa kaɗan. Jeli yana sasanta rigima, yana shiga tsakani a neman aure, shi ne ma'ajiyar asalin dangi. Nemi fim ɗin Keïta na ɗansa Dani Kouyaté. Uban ne jelin da ya zo birni ya tare ɗan makaranta da labarin sunansa, har yaron ya soma guje wa aji.

Ɗan Maraɗi:
Na gode Baba. Da Keïta zan fara, awa tara kam sai bayan girbi.