Aikin Toronto ko na Thunder Bay? Ku ba ni shawara

Dan_Tudunwada:
Assalamu alaikum jama'a. Na gama digiri na biyu a nan lardin Ontario na Kanada, izinin aiki na bayan karatu ya fito, shekara uku. Yanzu aiki biyu ne a gabana. Na farko a tsakiyar Toronto, albashin da tsoka, kuma ba sai na tashi daga ɗakin da nake haya ba. Na biyun a Thunder Bay da ke arewacin Ontario, wani ƙaramin kamfanin akanta, ya gaza na farkon da kusan dala dubu tara a shekara. Na buga lissafin makina na Express Entry, tsarin gwamnatin tarayya na ba da takardar zama ta dindindin bisa maki, ko na cika shekara ina aiki ba zan haura 490 ba, alhali a 2025 layin masu ƙwarewar aikin Kanada duk sama da 500 aka riƙa yankewa. Maiɗakina tana Zariya da yarinya, Hajiyarmu kuwa kowace Juma'a tambayarta ɗaya ce: yaushe za su taho? Shin garin da mutum yake aiki yana da tasiri a kan takardar zama ta dindindin, ko hirar teburin mai shayi ce?

Baban Hanifa:
Wa'alaikumussalam ƙanena. Shi Express Entry ba ruwansa da gari. Awa 1,560 na aikin ƙwarewa yake nema, ka yi su a Toronto ko a Timmins duk ɗaya. Makin da ake bayarwa don tayin aiki ma an soke shi tun Maris 2025, kada ka sa shi a lissafi.

Inda gari ke magana shi ne wajen lardi. Lokacin da na cike shirin neman takardar zama ta hannun lardin Ontario, aikin da ke arewacin lardin maki 10 ake ba shi, na cikin Toronto sifili. Goma ba ta cika ido ba, amma mutane nawa ne suka rasa da maki biyu? Sannan Thunder Bay na cikin garuruwa 14 na shirin RCIP, wato shirin ba da takardar zama ga masu aiki a ƙananan garuruwa, da aka buɗe a 2025, tare da su Sudbury da North Bay. Sai dai ba kowane kamfani ba ne, dole ya zama garin ya amince da shi, aikin kuma yana cikin sana'o'in da garin ya ware. Ka tambaye su wannan a rubuce kafin ka ɗaure kaya.

Shekarata huɗu a nan Thunder Bay. Ba zan ɓoye maka ba, Janairu sai ka jona mota da lantarki ta kwana, in ba haka ba da safe ko tari ba za ta yi ba. Toronto tafiyar kusan kilomita 1,400 ce, daddawa da kuka sai an aiko. Amma akwai masallaci, haya kuma da sauƙi, dubu taran nan rabinta a Toronto mai gida ne zai cinye.

Maman Sultan (Winnipeg):
Ni dai abu ɗaya zan ƙara, kada wani ya zuga ka ka tsallaka wani lardin. Haka na yi daga Ontario zuwa Manitoba, sai da na iso na tarar ana zabge maki 100 ga wanda ya yi karatu a wani lardi. Na yi kuka ranar. Ga shi a 2025 gwamnatin tarayya ta rage gurbin takardar zama ta hannun larduna daga 110,000 zuwa 55,000, kowa nasa ɗaliban yake fara dubawa. Izinin nan naka sau ɗaya ake bayarwa a rayuwa, kada ka ɓata wata shida kana yawon gwaji.

Badamagare:
Malam, ka iya Faransanci ko kaɗan? Mu 'yan Nijar shi ya fisshe mu. Layin masu Faransanci makinsa ƙasa yake sosai, kuma harshen kaɗai na iya ƙara maka har 50. Shekara uku ta isa mutum ya koya in ya dage. Ni a Sudbury nake, in kana so mu riƙa hira ta waya ran Lahadi.

Dan_Tudunwada:
Allah ya saka da alheri. Faransancina ya tsaya tun aji uku na sakandare, amma zan neme ka. Yaya Baban Hanifa, na tura musu saƙo yanzu kan batun amincewar garin. In suka ce e, wace unguwa ce ta fi kusa da masallacin, kuma bas na zuwa can da sanyi?