Wa ya taɓa ƙara wa firosesa gudu bai ƙona ta ba?

Ɗan Gwale: Salam jama'a. Na haɗa kwamfutar tebur da firosesa i5-9600K, ina so in ɗan matsa mata ta wuce 4.6GHz ɗin da take kaiwa da kanta, amma wallahi tsoro nake, kuɗin nan ba tsintarsu na yi ba. Wanda ya taɓa yi ya ba mu labari.

Baban Ilham: Irin taka gare ni. Fara duba madabod ɗinka, in ba mai Z ba ce kamar Z390 to ko da K ɗin ƙarshen sunan firosesar, alamar ana iya ƙara mata gudu, ba za ta yarda ba. Ni a BIOS, wato saitin madabod, na riƙa ƙara lambar gudun ɗaya-ɗaya, 47, 48, wato 4.7GHz, 4.8GHz, duk ƙari sai in kunna Cinebench, manhajar gwada ƙarfin firosesa, in zuba wa HWiNFO mai nuna zafinta ido, har na tsaya a 4.9 da boltej 1.32. To ga inda na yi wauta, a Janairu na saita, ɗaki sanyi ƙalau zafinta bai wuce digiri 78 ba ina ta cika baki, Afrilu na shigowa ina tsaka da haɗa bidiyon bikin mutane sai ga 96, allo ya yi shuɗi, aikin awa biyu ya bi ruwa. Da na buɗe akwatin ƙurar hunturu ta toshe fankar kamar an cusa auduga. Na kakkaɓe, na shafa sabon fes, man nan da ake shafa wa firosesa don fanka ta kwashe zafi, na dawo 4.7. Yanzu in ba da bazara na gwada saiti ba ban yarda da shi.

Maman Nana: Ni zalama ce ta ci ni, tsalle ɗaya na yi zuwa 50, kwamfuta ta ƙi tashi, fanka na juyawa allo baƙi ƙirin, har na fara salati. Ƙanina ne ya zare wuta ya cire ɗan batirin nan na madabod, CR2032, bayan minti biyar ya mayar, komai ya koma yadda yake.

Sadauki: Tawa Ryzen 5 3600 ce a kan madabod B450, fankar da ta zo da ita. Na wahala kwana uku da hannu, abin da na samu bai taka kara ya karya ba, PBO, saitin da ke ƙara mata gudu da kansa, kawai na kunna na huta.

Ɗan Gwale: Yaya Baban Ilham madabod ɗina Z390 ce, amma fankar ƙarama ce sosai.

Baban Ilham: To kar ka taɓa boltej tukuna ƙanena. Sayi babbar fanka, sannan ka bar OCCT, manhajar gwajin da ke matsa wa firosesa, ya yi awa ɗaya da tsakar rana, in zafinta ya haura 85 ka rage gudun.