Magana zarar bunu ce: har da saki?

Ɗan Kanya: Salamu alaikum jama'a. Musu ne ya ɓarke a majalisarmu kan karin maganar nan, magana zarar bunu ce. Wani ne a ƙauyenmu ya dawo daga gona ya tarar tuwo bai sauka ba, cacar baki ta kai ga saki, sai wani dattijo ya ce shi ke nan ai magana zarar bunu. Ni kuma na ce karin maganar ba ta hau nan ba tunda saki ana kome. Ku raba mana gardama.

Baba Na Ringim: Yaro ka ma san bunu kuwa? Ku da kuka tashi a ɗakin kwano. Tsohuwar ciyawar jinka ce da ta sha rana ta sha hayaƙi, in ka zaro tsinke ɗaya ba ya komawa gurbinsa, karyewa zai yi a hannunka. Dattijon nan gaskiya ya faɗa. Ko ka mayar da ita igiya ɗaya ta riga ta tsinke, saura biyu, wa zai ɗaura maka waccan?

Malam Mai Allo: Baba Allah ya ƙara girma, da kai da shi kowa ya kama gefe guda. Aya ta 229 a Baƙara ta ce saki sau biyu ne, daga nan ko a riƙe da alheri ko a rabu da kyautatawa. Wato an bar ƙofa a buɗe, mu ne muke banko ta da kanmu. Mutum rai ya ɓaci ya ce na sake ki saki uku a numfashi ɗaya, gari na wayewa ya zo ya tsuguna gabanka wai malam a duba masa. A mazhabar Malikiyya da alƙalanmu suke hukunci da ita uku ne sun tafi, duk da akwai malamai irin su Ibn Taimiyya da suke ƙirga shi ɗaya, to sai ka ga wanda bai taɓa zama a karatu ba ranar ya zama mai bin sawun fatawa gari gari. In bai samu ba sai a koma auren kisan wuta, wanda hadisi ya la'anci mai yin da wanda aka yi dominsa. Sakin sunna guda ɗaya ne, a cikin tsarkin da bai kusance ta ba. Abdullahi ɗan Umar da ya saki matarsa tana haila ai Manzon Allah (SAW) umarni ya bayar ya mayar da ita.

Ɗan Kanya: To Allah ya gafarta Malam kenan ni na ci musun.

Uwar Biyu: Ba ka ci komai ba ƙanena. Ku duk kun tsaya kan kalmar saki, mu mata abin da ba ya komawa shi ne maganganun da suke biyo bayanta. Mace za ta iya yafe saki wlh, ta dawo ta zauna ta haihu ma, amma ranar da ka tsaya a tsakar gida kishiya na ji yara na ji ka zagi uwarta ka ce dama a wulaƙance ka same ta, ko ka je teburin mai shayi kana tona asirin shimfiɗarku, wannan ko shekara nawa aka yi yana nan. Kuma 'ya'yanka ne za su tashi a garin ana nuna su da baki. Sannan wannan ɗabi'ar ta miƙa takarda da daddare a ce tattara ki tafi gidanku, mace da goyo ta kama hanya cikin duhu, a ina aka samo ta?

Malam Mai Allo: Ba a littafi ba dai Hajiya. Farkon suratu Ɗalaƙ cewa aka yi kada ku fitar da su daga gidajensu. A ɗakinta za ta yi idda, tsarki uku, mai ciki kuma sai ta haihu, kuma in sakin kome ne ci da sha da sutura duk suna kansa. Hikimar ai a bayyane take, suna gida ɗaya zuciya za ta sauko. Da ta koma gidansu kuwa magana ta fita daga hannun mutum biyu ta koma ta dangi, ga gwaggo ga kawu kowa da zugarsa.

Sarkin Noman Gabas: Ni fa kun cika ɗora wa maza laifi. Wata ita za ta ci kwalar rigarka ta tare ƙofa ta ce yau sai ka ba ta takardarta, ya za ka yi? Ni karin maganar da na ga ta dace da su ita ce kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Baba Na Ringim: Sai ka cire rigar ka bar mata ka fice. Ka je wajen liman ko mai unguwa ko waliyyinta, ka kwana a zaure in ta kama. A hannunka aka sa igiya ba a nata ba. Kuma wanda ya ɗebo da zafin ai kai ne, kai za ka sake haɗa lefe bayan ka sayar da gero.

Uwar Biyu: Yawwa Baba. Ga kuma ƙwace yara don a ƙuntata mata, a raba ɗan shekara uku da uwarsa a miƙa wa kishiya. Da riƙe mata kaya, gado da katifa da kwanukan da iyayenta suka yi mata, har awakin da ta tara da kuɗin ƙuli-ƙuli sai ka ji an kora su kasuwar Maigatari ranar Alhamis wai ai a gidansa suka ci dusa.

Malam Mai Allo: Duk in ta kai ƙara kotu zai amayar da su. Kayan ɗaki nata ne, sadaki nata ne ba a karɓe shi sai in khul'i aka yi ita ta nemi fansar kanta. Riƙon yara kuma Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta faɗa ƙarara, uwa ce ke da shi, namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. In uwar ta yi wani aure riƙo ya koma wajen kakarsu ta wajen uwa, ba wajensa ba, shi nasa ciyarwa.

Ɗan Kanya: Malam wanda ya tura saki a rubuce ta waya fa, ya goge kafin gari ya waye?

Malam Mai Allo: In ya rubuta da niyyar saki kuma ya isa gare ta ya auku, gogewa ba ta warware shi. Ya nemi mutum biyu adilai ya shaida musu ya mayar da ita tun idda ba ta cika ba, in ta cika sai da yardarta da sabon sadaki da sabon ɗaurin aure.

Sarkin Noman Gabas: Sabon sadaki kuma? Matar tawa?

Uwar Biyu: A lokacin ai ba taka ba ce yaya, layi za ka bi kamar kowane bazawari.