Shekara 4 ina fitowa a matsayin mugu: in ƙi karɓa ko in ci gaba?

Ɗan wasa daga Tawa:
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena a wannan sana'a. Shekara 4 ke nan ina wasan kwaikwayo a wata ƙungiya a nan Tawa, kuma tun ranar da na fito a matsayin kawun da ya cinye gadon marayu, ba a sake ba ni wani matsayi ba sai na azzalumi, ko boka, ko ɗan daba. Abin ya kai yara suna kirana da sunan kawun nan a kasuwa, har wata tsohuwa ta ƙi amsa gaisuwata. Na san zan iya fitowa a matsayin malami ko uba mai tausayi, amma ina tsoron in ƙi abin da aka ba ni a daina nemana gaba ɗaya. Me kuke gani?

Dattijo daga Yamai:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ciwon da kake ji ya girme ka. Zalika Souley, wadda ta fara fitowa a fim a 1966 a hannun Moustapha Alassane, ta sha shi fiye da kowa. A fim ɗin Oumarou Ganda mai suna Wazzou, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO, bikin fina-finan Afirka, a Wagadugu a 1972, ta fito a matsayin matar da kishi ya kai ta ga kisa, kuma da yake an riƙa ba ta matsayin mace marar kamun kai, mutanen Yamai da yawa sun kasa raba ta da matan da take kwaikwayo, suka riƙa yi mata kallon da ba ta cancanta ba. Ta rasu a 2021, kuma har yau ina jin ba mu biya ta haƙƙinta ba. Saboda haka ba zan ce maka ƙorafinka ƙarami ba ne. Ka nemi sauyi tun fuskarka ba ta gama manne wa kawun nan ba.

Mai shirya wasanni, Yamai:
Baba, ku gafarce ni, ina da ɗan saɓani. Usman Baba Pategi ya yi shekaru masu yawa yana fitowa a matsayin Samanja, kuma rigar sojan nan ce ta kai sunansa ko'ina a ƙasar Hausa. Haka Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, da barkwanci aka san shi. Mu masu shiryawa kuɗinmu kaɗan ne, shi ya sa muke ɗaukar wanda muka tabbata ƴan kallo za su gaskata shi da zarar ya fito. Ƙanena, kada ka ƙi aiki. Ka je ka sami mai ba da umarni tun ana rubuta labari, ka roƙi ƙaramin matsayi na daban, ko da fitowa 2 ce.

Ƴar wasan rediyo, Tawa:
Ni rediyo ce ta fitar da ni daga irin wannan. A dandamali kullum muguwar uwar miji nake, amma a rediyo, inda ba a ganin fuska, na yi ungozoma, na yi budurwa, har waɗanda suka sha ba ni uwar miji suka ji da kunnensu. Ka gwada gidajen rediyon garin nan, ƙanena.

Ɗan wasa daga Tawa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya, ranar Asabar bayan atisaye zan zo ki gabatar da ni.