Haya a cikin Kano ko gini a bakin gari, wanne ya fi?

Ɗan Kwari: Assalamu alaikum. Mutum ne mai shago a Kantin Kwari, da iyali da yara 'yan makaranta. Ya ci gaba da haya a Fagge ko Kurna, ko ya sayi fili wajen Janguza ya gina nasa? Wasu sun ce ƙauye akwai arha da kwanciyar hankali, wasu sun ce ba wuta ba asibiti. Masana a taimaka.

Mai Safiyo: Wa alaikumus salam, Alhaji. Fara da takardar filin. Yawancin filayen bakin gari awon igiya ne: gona aka yanka, mai unguwa da dagaci suka sa hannu. Wannan shaidar ciniki ce kawai, ba takardar mallaka ba ce. A je Ma'aikatar Ƙasa da Safiyo a duba ko gwamnati ta riga ta tsara wurin don wani abu, sannan a nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, kafin a sauke bulo ko ɗaya. In gonar gado ce, duk magada su sa hannu, har da mata, in ba haka ba wata rana sammacin kotu zai iso.

Kuma a je ganin fili a watan Agusta. Tsohon kududdufin da aka cike da shara, da rani ba ka bambanta shi da fili mai kyau. Ƙasar ba ta zauna ba, damina biyu sai ka ga katanga ta dare daga tushe.

Injiniyan Ruwa: Batun ruwa kada ya ruɗe ka, cikin garin ma unguwanni da yawa ruwan famfo na matatun Tamburawa da Challawa ba ya kai musu, da 'yan garuwa suka dogara. A sabuwar unguwa dai dole rijiyar burtsatse. Ƙarƙashin Kano dutse ne, ruwan yana cikin tsagarsa, shi ya sa maƙwabci zai samu, kai kusa da shi ka haƙa ka tashi a tutar babu. A yi gwajin ƙasa tukuna. Ana so masai ya yi nisan mita 30 da rijiya, fili mai ƙafa 50 da 50 kuwa tsawonsa kusan mita 15 ne, ga masan maƙwabta ta kowane ɓangare. Gara gidaje su haɗa kuɗi su yi rijiya ɗaya a wuri mai tsafta da tanki a sama.

Hajiyar Yakasai: Ɗana, Janguza ai ba ƙauye ba ce yanzu, gari ne ya miƙe ya cimma ta. Ƙauye sai ka nufi wajen Kura da Bunkure, inda ruwan Tiga ke ba su noman shinkafa da tumatir har da rani, kuma cikin waɗanda ake kira baƙauye akwai masu loda tirela zuwa Legas. Arhar da ake faɗa ta mai gona ce. Wanda ba ya noma, hatsi da kaka kaɗai zai yi masa sauƙi. Siminti, gas da magani duk da kuɗin dako suke isa. Masu cewa ɗan birni bai san maƙwabcinsa ba kuma, su shigo lungunan Yakasai ko Dala ranar suna ko rasuwa.

Mai Safiyo: Gaskiya ne, Hajiya. Alhaji, ka lissafa kuɗin adaidaita sahu na wata guda, naka da na yara, tunda an hana acaɓa ɗaukar fasinja a cikin gari tun 2013. Ka bi titin Gwarzo, wato hanyar Janguza, ta Kabuga da ƙarfe bakwai na safe ka auna lokaci, ka kuma tambayi mazauna layin yadda ake fitar da mai naƙuda zuwa asibitin Murtala cikin dare idan an yi ruwa. In kuɗin motar ya kusa na hayar Kurna, sayi filin ka kewaye shi, ka ci gaba da haya har titi da turakun wutar lantarki su iso.