Neman kalmar Hausa: "retina" da hanyoyin jinin da ke ciyar da ita

Mai Fassara:
Assalamu alaikum, malamai. An ɗora mini fassarar wani darasi da za a karanta a rediyo jibi, kan binciken makantar da ciwon sukari ke jawowa, kuma kalmar "retina" ta tsaya mini a maƙogwaro. Ita ce siririyar shimfiɗar da ke can ƙuryar ido, wadda haske ke sauka a kanta kafin saƙon gani ya tafi ƙwaƙwalwa. Darasin ya ce ta hanya biyu jini ke isa gare ta: akwai jijiyar da ke shigowa ta tsakiyar jijiyar gani ta yi rassa a fuskarta, akwai kuma wata shimfiɗar jijiyoyi a bayanta da ke ciyar da ƙwayoyin da ke karɓar haske. Kun ga a jimla guda na faɗi jijiya har sau uku, kuma ba abu ɗaya nake nufi ba. Ina mafita?

Malamin Kimiyya:
Wa alaikumus salam. Ni a aji "tantanin gani" nake cewa, kuma ɗalibai suna kamawa. Ki guji duk abin da ya haɗa da "yana", domin mutane sun riga sun san yanar ido a matsayin cutar da ake cirewa da tiyata. Ga masu ɗaukar jini ki ce "hanyoyin jini", ki bar "jijiya" ga wadda ke kai saƙo ƙwaƙwalwa.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Malam, da tantani ba ka faɗi komai ba, domin kunne ma yana da nasa. Asalin kalmar daga Latin take, daga "rete", wato raga. Larabawa suka ce "shabakiyya" daga "shabaka", Jamusawa suka ce "Netzhaut", duk dai ragar ce. Saboda haka sunanta "ragar gani", kuma na daɗe ina kira a karɓi wannan suna.

Likitar Ido:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma ina da ja a kan raga, kuma dalilina na aiki ne. Idan na leƙa ƙuryar idon majiyyaci, abin da ke kama da raga shi ne hanyoyin jinin, ba tantanin kansa ba, don haka mai sauraro zai ɗauka da ragar ake gani. Alhali a daidai tsakiya, inda gani ya fi kaifi, wurin da muke karatu da gane fuska da shi, akwai fili mai faɗin kusan rabin milimita da babu hanyar jini ko ɗaya a cikinsa, daga shimfiɗar da ke bayan tantanin ake ciyar da shi. Darasin 'yar'uwarmu kuwa gaba ɗayansa a kan bambance waɗannan abubuwa biyu ya dogara. Tantanin yana cikin sassan jiki mafiya cin oksijin idan aka yi la'akari da ƙanƙantarsa. Idan sukari ya daɗe yana lalata ƙananan hanyoyin jini har suka toshe, sai tantanin ya shiga yunwar oksijin, ya saki wani sinadari da ake kira VEGF, wanda ke sa sababbin hanyoyi su tsiro. Sababbin nan raunana ne, suna yoyo, suna fashewa su zubar da jini a cikin ido, wani lokaci tabonsu ya janye tantanin daga mazauninsa. Tun 1948 likitan ido Isaac Michaelson ya yi hasashen akwai irin wannan sinadari, a 1989 masanin kimiyya Napoleone Ferrara ya ware shi ya raɗa masa suna, kuma allurar da muke yi a cikin ido yau aikinta ke nan, ta daƙile shi. Ta yaya za a faɗi duk wannan idan tantanin da hanyoyinsa suna amsa suna ɗaya?

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Likita, na ji bayaninki, amma ga shi kin cika mana kunne da "oksijin". Wannan ita ce cutar 'yan boko, sai su ɗauko kalmar Bature su sa mata hula su ce ta zama Bahaushiya. Me ya hana a ce "iskar rai"? Ko harshenmu ya fi Jamusanci talauci ne?

Malamin Kimiyya:
Ranka ya daɗe, kai ma da "Likita" ka kira ta, kuma kalmar nan daga Turanci ta zo, kamar yadda "allura" ta zo daga Larabci. Ba a taɓa cewa Hausa ta ƙasƙanta saboda su ba. Jamusawan da kake kafa hujja da su ma likitocinsu suna rubuta "Retina" a littattafansu.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Na kakanni aro ne na mai wadata, naku kuwa na ragwanci ne. Kuma ni tun kafin a haife ka nake wannan aiki, Malam.

Likitar Ido:
Ba na shiga batun shekaru, Baba, amma "iskar rai" tana da hatsari a wannan fanni musamman, domin tana sa a ji kamar yawanta alheri ne. A 1942 likitan ido Theodore Terry ya bayyana wata makanta da ke kama bakwaini a Amurka, kuma a 1951 likitar yara Kate Campbell ta Ostireliya ta danganta ta da yawan oksijin da ake ba su a kwalba. Hanyoyin jinin tantanin ba sa gama tsirowa sai dab da cikar wata tara, to idan aka cika wa bakwaini oksijin sai tsirowar ta tsaya, in an janye kuma sai yunwa ta sa su tsiro barkatai. Masanin cututtukan ido Norman Ashton ya nuna haka a jikin 'ya'yan kyanwa a Landan a farkon shekarun 1950. Abin da ake aunawa kamar magani gara a bar masa sunan da ke rubuce a jikin tukunyarsa.

Mai Fassara:
Na gode, malamai, lokaci ya ƙure mini. Zan ce "tantanin gani, wanda likitoci ke kira retina" a karon farko, domin wanda ya ji kalmar a asibiti ya gane ta, daga nan in ci gaba da "tantanin gani". Na ɗauki "hanyoyin jini" da "jijiyar gani". Oksijin kuma zan ce "iskar oksijin". Shimfiɗar baya ce har yanzu ba ta da suna, sai dai in kwatanta ta.

Dattijo Mai Kishin Harshe:
Hanyoyin jini na yarda da ita, ba don Malam ya faɗa ba. Tantanin gani kuma a karanta shi jibi tunda an matsu, amma ban janye ragar gani ba. Ita shimfiɗar bayan, tunda Likita ta ce hanyoyin jini ne ke kama da raga, ai sai ku ba ni ita, a kira ta "ragar baya".

Likitar Ido:
Wannan kam zan iya gwada ta a kan majiyyata, Baba, in ga ko za su gane.